Jikan sarkin fawa da ya zama mushe: gida ɗaya a kudancin Damagaram, daga 1984 zuwa yau

Garin da gidan

Garin yana kudu da Zinder, tsakanin Mirya da Magarya, cikin ƙasar gawon nan da ake noma hatsi da wake da gyaɗa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, don mutanen suna nan da ransu kuma maganar ta taɓa aure. Wanda labarin ya fi shafa zan riƙa ce masa Mushe, wato malamin makarantar boko a bakin mutanen Nijar, saboda da sunan nan kowa ke kiransa a garin tun da ya fara koyarwa.

Kasuwar garin sau ɗaya take ci a mako. Tsakiyar gari gidan mai gari ne da danginsa da gidan liman, sai manoma, sai can bakin kasuwa ta gabas inda mahauta suke, da gida biyu na maƙera, da wanzami, da makaɗa. Wannan tsari ba sabo ba ne a Damagaram, tun zamanin sarakuna irin su Tanimun a ƙarni na 19 kowace sana'a da sarkinta, sarkin fawa, sarkin maƙera da sauransu, ƙauyuka kuma suka kwaikwayi birni, har yau in ka shiga Zinder majema suna nan suna jima.

A gane fa, wannan ba maganar bauta ba ce. Dokar 2003 da ta mai da bauta laifi a Nijar ba ta da abin da za ta kama a nan, mahautan garin ƴaƴa ne ba bayi ba, sahu ɗaya ake sallah, kwano ɗaya ake ci, suna da gonakinsu. Inda ake ja musu layi shi ne wajen aure, da limanci, da zama a fada in ana yanke maganar gari. Kuma sana'o'in ba ɗaya ba ne a idon mutane, maƙeri ana jin tsoronsa saboda wuta, wanzami ya san sirrin kowane gida, amma mahauci da maroƙi su ne a can ƙasa.

Kakan Mushe shi ne sarkin fawan garin. Ranar kasuwa da sassafe ya karɓi awaki biyar ko shida bashi a hannun manoma da Fulani, a yanka, a feɗe, a kasa tsibi-tsibi, wani a yi tsire wani balangu, mai kalangu yana gefe yana yi musu kirari, da la'asar a biya masu dabba. Abin da ya saura shi ne nasa, da fata, da kai da ƙafa da matan gida ke dafawa su sayar. Jarin duk na mutane ne. Nasa wuƙa da gatari da amana, sai gona ɗaya da ke ba da dami 40 in damina ta yi kyau.

1984 zuwa 1986: El-Buhari

Fari ya zo a 1984, ga shi Najeriya ta rufe iyaka a watan Afrilun shekarar lokacin mulkin Buhari, shi ya sa tsofaffi har yau El-Buhari suke ce wa yunwar. Dabbobi sun zama ƙashi da fata, ana sayarwa a banza, nama ya yi arha amma wa ke sayen nama alhali babu hatsi a tukunya. Kakan ya yi ta yanka bashi yana kasa biya, daga ƙarshe ya jinginar da rabin gonar ga wani ƙanen mai gari, gonar nan ba ta dawo ba sai bayan shekara sama da 30. Ɗansa, wato uban Mushe, yana da kamar shekara 20 lokacin, ya ga yadda ake tsayar da tsohon a bakin kasuwa ana masa faɗan kuɗin akuya, ya ce shi kam ya bar wuƙa.

1987 zuwa 1995: uban ya gwada tebur

Ya tafi Kano cin rani, ya yi ga-ruwa ya yi dako, rani huɗu yana kai da komo. A 1991 ya dawo da ɗan jari ya kafa tebur a ƙofar gida, sukari, ganyen shayi, sabulu, ashana, kananzir. Da farko ya yi ciniki. Abin da ya kashe teburin bashi ne, kuma bashin ba irin na kowa ba, don in ɗan gidan mai gari ya ɗauki sukari bai biya ba, mai tebur manomi zai iya aika masa yaro sau uku, amma shi in ya aika sau ɗaya sai magana ta zagaya gari cewa ɗan mahauci ya yi kuɗi ya fara rashin kunya. Sai ya riƙa yin shiru. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 kaya suka tashi, abin da ke hannunsa bai isa ya sake cika teburin ba. A 1995 tsohon ya rasu, mahauta suka taru, mai gari ya ɗaura masa rawanin sarkin fawa. Ya koma inda ya gudo.

1996 zuwa 2010: lakwal

An haifi Mushe a 1989. Shigarsa lakwal, wato makarantar boko, ita ma asalinsa ne ya jawo, don a lokacin in aka zo ɗaukar yara mai gari ake tambaya, shi kuwa mai gari ƴaƴan bakin kasuwa yake fara lissafawa, na gidansa da na liman su tafi makarantar allo ko gona. Wannan ɗabi'a tun zamanin Nasara take, ana ganin lakwal kamar haraji ce da ake ɗora wa marar gata. To a 1996 sunansa ya fito. Uban bai yi gardama ba, har ma ya hana shi zuwa wajen yanka, ya ce hannun da ke riƙe bik ba zai riƙe wuƙa ba.

Ya samu satifika a 2002, ya wuce kwalej a wani gari mai nisan kilomita 30. A nan ne yaran ƙauye da yawa ke faɗuwa, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, don rashin mai masauki, yaro ya sauka gidan da za a mai da shi ɗan ɗebo ruwa ya kwana da yunwa, wata uku ya gudo gida. Shi Mushe sarkin fawan wancan garin ne ya karɓe shi, saboda mahauta ko ba su haɗa jini ba suna riƙe juna, ɗan sarkin fawa ba ya rasa wurin kwana a garin da ake yanka. Shekara biyar yana gidan. A yunwar 2005 ya maimaita aji don ya koma gida taya uwarsa, amma bai bari ba, ya samu birbe, takardar gama kwalej, a 2007, ya shiga makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed a Zinder, a 2010 aka tura shi wani ƙauye wajen Tanut a matsayin ɗan kwantiragi. Shi ne mutum na farko daga unguwar mahauta da ya karɓi albashi.

2013: neman aure na farko

Da bakansi, wato babban hutun makaranta, ya zo gida da moto, ya gyara ɗaki da bulo. Akwai yarinya a dangin mai gari, ba ma na kusa sosai ba, ubanta manomi ne da bai fi kowa ba, sun daidaita tun tana kawo fura kasuwa. Uban Mushe ya san abin da zai faru amma yaron ya nace, sai aka tura kawunsa da goro.

Ba wanda ya ce a'a. Aka karɓe su da fara'a, aka kawo ruwa, baffan yarinyar ya ce, “Ai da kun zo da wuri, an riga an yi wa ɗan ƴar'uwarmu alkawari.” Babu wani alkawari, kowa ya sani. Gaskiyar ta fito ta bakin wata tsohuwa bayan kwana biyu a bakin rijiya, ta ce wa uwar Mushe, “Ke ma dai kin sani, in ta haihu me za a ce wa ɗan? Karatu ai ba ya wanke jini.”

Sun gwada hanya biyu. Ta farko suka je wajen liman, Mushe da kansa ya durƙusa ya ce, “Allah ya gafarta malam, a addini akwai abin da ya hana?” Liman ya ce babu, ko kusa, amma aure na waliyyi ne, shi ba zai shiga tsakanin uba da ƴarsa ba. Matar liman ɗin ƴar gidan mai gari ce, to ka ga inda maganar ta tsaya. Hanya ta biyu shawarar abokai ce, a ƙara kuɗi, aka aika cewa zai ba da sadaki ninki biyu ya kuma ɗauki nauyin kayan ɗaki. Wannan ta fi ɓata lamarin, baffan ya ce wato su akuya suka kasa a kasuwa da za a yi musu tayi? Kafin kaka an ɗaura wa yarinyar aure da wani.

2015 zuwa 2017: ɓoye asali

Daga nan Mushe ya yanke cewa garinsu ne matsalar. Ya nemi a mai da shi wani wuri mai nisa, can wajen Gure, inda ba a san shi ba. In aka tambaye shi sai ya ce shi ɗan Zinder ne, ubansa ɗan kasuwa. Ya rage zuwa gida, sallar layya ma da ake buƙatar kowane hannu a gidan mahauta bai zo ba.

A 2015 ya nemi ƴar wani mai shago a can, aka yarda, aka karɓi kuɗin gaisuwa, har an fara maganar sa rana. Sai dangin yarinyar suka yi abin da kowane gida ke yi, bincike. Ba su ma yi nisa ba, ranar kasuwa wani dillalin shanu da ke yawo kasuwa-kasuwa ya hango shi ya ɗaga murya, “A'a, ɗan sarkin fawa! Ya tsoho?” Shi da zuciya ɗaya ya yi gaisuwar. Bayan mako aka maido masa da kuɗinsa a ƙulle cikin leda, uban yarinyar ya ce wa wanda ya shiga tsakani da ya faɗa tun farko da sai a yi shawara, amma wanda ya ɓoye ubansa me kuma zai ɓoye gobe. Ko da gaske yake ko ya samu mafita ce, sakamakon dai ɗaya ne.

Shi kuma aikin bai kai shi inda ake zato ba. Albashin jika 75 ne a wata, wato sefa dubu 75, shi ma sai a yi wata biyu uku ba a gani ba, matirikil ɗin da zai mai da shi cikakken ma'aikaci shiru. Jarabawar da aka yi wa ƴan kwantiragi a 2017, wadda ta raba dubbai da aikinsu, shi ya ci, amma cin bai ƙara masa ko dala ba. A lissafin da ya yi da kansa daga baya, ƙanensa da ke gasa tsire a tasha ya fi shi shigar kuɗi a wata.

2018 zuwa 2021: kaye da raguna

Uban ya kwanta da hawan jini a farkon 2018, ɓarin jiki ya shanye. Mushe ya nemi a dawo da shi kusa, aka ba shi lakwal mai nisan kilomita 9 daga gida. Abin da ya tarar bashi ne a warwatse, wanda ake bin gidan da wanda gidan ke bi, duk a kan tsohon yake, tsohon kuma magana da ƙyar. Sai ya ɗauki kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ya zauna da ƙannensa dare uku suna tunowa yana rubutawa, suna, dabba, kuɗi, rana. Da aka tara sai ga shi abin da gidan ke bin mutane ya fi abin da ake binsa, shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Bai koma yanka ba, har yau bai iya fiɗa ba ma. Abin da ya lura da shi shi ne ƙannensa da ido kawai suke gane ragon da zai yi ƙiba da wanda ke da ciwo a ciki, su kama bayansa su duba haƙori su faɗi nauyin naman da zai bayar kusan daidai, amma wannan ilimi duk a kan ribar jika ɗaya ko biyu ta ranar kasuwa yake ƙarewa. Shi kuma yana da abin da ba su da shi, lambobin malamai da ma'aikatan asibiti a Zinder da ke shan wahalar sayen ragon layya kowace shekara. Ya haɗa biyun. Da albashin wata uku da aka biya a dunƙule suka sayi raguna 6 ramammu, balami da uda, kowane wajen jika 35, aka turke su wata biyar a kan harawa da dusa da ƴaƴan gawo. Ya ɗauki hotuna ya tura WhatsApp, ya yarda a biya shi kashi uku a ƙarshen wata. Layyar 2018 duk sun tafi, tsakanin jika 75 da 90.

Ba kullum aka ci riba ba. Shekara ta biyu ya ƙara zuwa 15, uku suka mutu saboda bai kira malamin dabbobi ya yi rigakafi ba. Amma da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, dabbobin da aka saba turawa Maigatari da Mai'aduwa suka taru a kasuwannin gida kuɗinsu ya sauka, shi kuwa masu sayensa a Zinder suke, sai ya sayi da arha ya turke don layyar 2020.

Gidan bai iya ɗaukar raguna 40, a nan ne abin ya shiga cikin gari. Ya fara ba mata kiwo, ya kawo rago da dusa, mace ta kula da shi a bayan ɗakinta, in an sayar a cire uwar kuɗi a raba riba biyu, komai a rubuce a kaye, a karanta mata gaban mijinta. Matan unguwar mahauta suka fara, da aka ga sun yi zannuwan sallah sai na tsakiyar gari suka riƙa aiko yara da dare. Damina ta 2021 ta ɓaci, hatsi ya yi tsada, gidaje da dama ribar ragon nan ce ta kai su kaka, har da gidan baffan nan na 2013. A shekarar ne kuma ya fanshi gonar kakansa.

2022: aure

Wadda ya aura ƴar Zinder ce, ƴar unguwar Zango, ƙanwar wani abokin aikinsa da ke sayen rago wajensa. Ubanta malami ne mai karantar da littattafai a zaure. Ran da ya fara zuwa gaishe shi, tun kafin a tambaya ya ce, “Baba, ni ɗan sarkin fawan gari kaza ne, kakana ma haka, ina koyarwa ina kuma sayar da dabbobi.” Malam ya tambaye shi wa ke limanci a garin, ya tura a yi bincike, mako uku.

An samu gardama nan ma, wata gwaggon yarinyar ta tada ƙura sosai. Malam ya tara su ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi abin da ake dubawa wajen dacewar miji addini ne da lafiya daga aibu, ba sana'ar kaka ba, ya kawo hadisin nan na wanda kuka yarda da addininsa da halinsa, ya ce shi ne waliyyi kuma ya bayar. Gwaggon ba ta zo biki ba. An ɗaura a ƙarshen 2022.

Inda ake yanzu

Mushe yana nan yana koyarwa, har yanzu kwantiragi. Shi ne ma'ajin kwamitin lakwal ɗin garinsu, da shi aka yi lissafin kuɗin gyaran famfo. Uban ya rasu a 2023, mai gari ya so ya ɗaura masa rawanin fawa ya ce a ba ƙanensa, aka ba shi. In ana yanke maganar gona ko gado a fada ba a kiransa. Ƙannensa mata biyu duk gidan mahauta suka yi aure, ɗaya a garin ɗaya a Matamai. Ta uku tana kwalej.

Yadda na ga lamarin

Sau uku gidan nan ya yi ƙoƙarin fita ta hanyar nesanta kai da sana'ar, tebur, albashi, da ɓoye asali, duka ukun ba su biya ba, kuma dalilinsu kusan ɗaya ne, sun canza abin da mutumin ke yi da hannunsa amma ba su canza wa ke buƙatar wa a cikin garin ba. Mai tebur yana roƙon a biya shi, mushe albashinsa daga Yamai yake zuwa ba ya shiga tukunyar kowa. Kiwon raba riba ne ya fara sa tsakiyar gari ta aiko yaro bakin kasuwa. Shi ma ba lakwal kaɗai ta yi shi ba, idon ƙannensa da masaukin da mahauta suka ba shi lokacin kwalej duk gadon fawa ne, kaye da lambobin waya ne kawai na boko.

Auren kuwa ban yarda a ce garin ne ya sauko ba. Hujjar da malamin Zango ya kawo ita ce liman ya amsa da bakinsa tun 2013, bambancin shi malamin Zango ba ya kwana a garin, ba surukin mai gari ba ne, ba wanda zai yi wa jikansa gori a dandali. Birni ne ya ba shi mata, ƙauye ya ba shi ajiyar kuɗi. Kuma a lura, akwai ɗan manomi daga tsakiyar garin nan da ke gasa nama a tashar Zinder yau shekara shida, hannunsa cikin jini kullum, ba wanda ya hana shi mata, don ana cewa shi neman kuɗi ne ya kai shi. Wato ba jinin akuya ake ƙyama ba.

Ɓangaren matan gidan ne abin bai motsa ba ko kaɗan, su ba su da zaɓin tafiya Zango su nemo. Bana wani saurayi daga dangin liman, wanda uwarsa ke kiwon ragunan Mushe, ya aiko yana son ƙanwar nan ta kwalej. Mushe ya ce sai ta gama birbe. Baffan saurayin kuma ya ce a bar maganar sai bayan kaka.